Na Gyara Rediyon Kawu

Ni ne na yi laifi, kuma gara in faɗa tun farko kafin in shiga yabon mamaci, kada a ɗauka wani mai hannu da tsabta ne yake rubutu. Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami, yana da wata tsohuwar rediyo mai ciwo. Yana kwance a jinyarsa ta ƙarshe na ɗauke ta na gyara ta. Wanda bai san Kawu ba zai ce ai wannan alheri ne. Waɗanda suka san shi sun san abin da na yi, kuma wadda ta fi kowa sani ita ce matarsa, wadda nake kira Inna. Tun daga ranar ta kwantar da turminta a gindin katanga, ta daina ɗaga taɓarya.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya sa can ta fi masa nan. Ni ba marubuci ba ne. Firamare na gama na shiga sana'a, ina ba da hayar lasifika da makirfo a wuraren walima da wa'azi. Amma na ƙudurta ba zan bari a tuna da shi a ce mai gyaran rediyo ne kawai ba, ko da rubutun zai tona mini asiri.

Kwanakin zaman makoki an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa a Ƙofar Sauri har bakin kwata. Kowa ya zo da irin Kawun da ya sani. Limamin unguwa ya ce tun da aka ɗora lasifika a masallaci ba ta taɓa kwana da ciwo ba, Kawu ke hawa ya duba. Sai ya yi murmushi ya ƙara da cewa, "Sai dai kafin ya taɓa ta sai ya ce, Malam, ɗan ba ni lokaci in ji tsakin da take yi, don in na gyara ba zan sake jin shi ba."

Telan da ke maƙwabtaka da mu ya share ido da hannun riga ya ce, "Ni na kai ƙararshi wurin mai unguwa, ba sau ɗaya ba. Na ce ya hana mu sakat da ƙarar tsiya. To wallahi tun da ya kwanta, duk Alhamis bayan la'asar sai in zauna bisa keke ina jiran abin ya tashi in yi tsaki. Shiru. Sai in kasa ɗinkin."

Akwai kuma masu yin ƙasa da murya. "Mutumin kirki ne, sai dai abin nan nashi," in ji wani, yana taɓa gefen kansa da yatsa. Wani ya ce ai da iskoki yake magana ta cikin rediyo. Duk ina jin su. A zuciyata ma ina ganin gara da na gyara abar, kada a ƙara samun abin faɗa.

Ana haka wani Alhaji ya iso daga GRA, tsohon ma'aikacin gwamnati, yana dogara sanda. Bayan an yi addu'a an shafa, ya ce shi ne asalin mai rediyon. Shekarun baya ya kawo ta gyara saboda tana tari da shaƙewa, in an kusanto da hannu kuma sai ta yi kuka kamar jariri. Kawu ya kunna ta, ya karkata kai yana saurare, ya daɗe. Daga nan ya shiga ciki ya fito da tasa rediyon mai lafiya, ya ce, "Alhaji, don Allah mu yi musanye."

"Na ce mashi, Malam, tawa fa ba ta da lahiya. Ya ce shi ya sa." Alhaji ya yi dariya har da tari. Sai ya dube ni. "Kai ne ɗan da ya riƙe ko? Ina Mai Tari? A kawo ta in gan ta."

Sunan da Kawu ya sa mata ke nan, Mai Tari. Na shiga na ɗauko ta daga kan kwaba. Alhaji ya murɗa. Murya ta fito tas, wani yana karanta labarai, ba tari, ba kuka. Alhaji ya ce, "A'a, ashe dai daga baya ya gyara ta."

Aminin Kawu, wani tsohon maƙeri da nake kira Baba, yana zaune a ƙarshen tabarma. Ya dubi rediyon, ya dube ni, ya jawo takalmansa ya tashi ya tafi, ko sallama bai yi ba.

Sai na bayyana abin da ake yi da Mai Tari kafin a gane.

Zauren gidan shi ne shagon Kawu. Kowace Alhamis bayan la'asar zai janye teburin aiki gefe, ya ce, "To, a zo a yi hira." Bai taɓa kiran abin kiɗa ba. Yana cewa kiɗa ana yi ne don a taka ko don a yi wa wani kirari, mu kuwa ba wanda za mu yi wa kirari, kuma duk wanda ya ce zai taka wannan sai ya karye. Baba maƙeri yakan zo da tsohon zarto da bakin garma da sarƙa da kwanon ruwa. Zai lanƙwasa zarton a gwiwa yana goga shi da bakan goge, ya dinga fitar da wata murya kamar mace tana kira daga nesa. 'Yar Kawu, taubashiyata, malamar makaranta ce, tana zuwa daga gidan mijinta ta zauna a ƙofar ciki da wayarta. Ita aikinta ta kama abin da aka yi yanzun nan, ta ja shi ya yi nauyi, ta mayar mana ta wata ƙaramar sifika, sai Baba ya ji zartonsa ya dawo masa da muryar tsohon bijimi. Ni kuma nakan riƙe makirfo ina kusantar da shi bakin lasifika a hankali har ta fara kuka, in janye, in sake kusantowa. Kawu yana tsakiya, Mai Tari a cinyarsa, bayanta a buɗe, da batir take aiki. Zai lashi babban yatsansa ya ɗora a cikinta, ya murɗa ta tsakanin tasha da tasha inda ba kowa sai shuuu, sai ta yi tari, ta yi gurnani, ta yi wani fito siriri da ke bin hannunsa duk inda ya kai shi.

Ba shugaba, ba wanda ke cewa a fara. Kowa ya saurari ɗan'uwansa ya ba shi amsa. In abu ya yi daɗi ba a maimaita shi. In wani bai zo ba, duk inda aka zo wurin da ya saba shigowa sai a yi shiru kaɗan, Kawu ya ce wannan gurbinsa ne, a bar masa. Da an fara gyaran murya a masallaci don kiran magariba, ko ana tsakiyar me, an gama.

Sai ta biyar ɗinmu, wadda ba ta taɓa yarda tana cikinmu ba. Da zarar Mai Tari ta yi tarin farko, sai ka ji taɓarya daga bayan katanga. Dum. Shiru. Dum dum. Wani lokaci ta bugi gefen turmi, wani lokaci ta ja taɓaryar a bakinsa. In an ce, "Inna, yau kin yi ƙoƙari," sai ta ce, "Ni daka nake yi, ku kuka san haukarku." Alhali duk unguwa injin niƙa ake kai hatsi, kuma na sha leƙawa in ga turmin ba komai a ciki sai 'yar kukar miya da aka riga aka daka tun jiya.

Tafiya da Kawu wahala ce ga mai sauri. Za mu ratsa ta unguwar Gobarau zuwa sayen kayan aiki, sai ya tsaya cik a tsakiyar lungu, ya ɗaga yatsa. "Ka ji?" Kalmarsa ke nan, ko da yaushe. In ce, "Mi, Kawu?" Ya ce, "Injin niƙan can da keken ɗinkin can. Sun kusa haɗuwa. Tsaya, tsaya. Yauwa, sun haɗu. Sun rabu." Sai ya ci gaba da tafiya yana murna kamar an yi masa bushara. Yana da kaset-kaset cike da ƙarar guga a rijiya, da ƙofar langa-langa, da ruwan sama a kan kwano. Taubashiyata ta taɓa tura wani yanki na hirarmu ta waya, wasu mutane daga nesa suka yi ta yabo, suka kira abin da wani dogon suna na Turanci. Da ta faɗa masa sai ya ce, "Ki gaishe su. Ki tambaye su, su wa ke yi masu daka?"

Alherin da ya yi mini ba ya ƙirguwa, amma ɗaya ne ya fi tsaya mini. Na zo gidansa bayan rasuwar mahaifina da in'ina mai tsanani. Yaran unguwa suna kira na Janareta, wai sai an ja an ja kafin in tashi. Taubashiyata ta ɗauki sunan ta riƙe, har na yi aure na haihu ba ta sake shi ba. Kowa in na sarƙe sai ya ƙarasa mini maganar, wasu don tausayi, wasu don gajiya. Kawu bai taɓa yi ba. Zai ajiye ƙarfen dalma, ya juyo gaba ɗaya, ya jira. Dalmar ta huce, mai rediyo yana tsaye yana duba agogo, shi yana jira na in fitar da kalma ɗaya. Wata rana ina son in ce a ƙara mini miya, na maƙale, Inna ta ce, "Miya?" Kawu ya ɗaga mata hannu ya ce, "Bar shi, bai gama ba." Ashe kuwa ba ƙari kawai nake so ba, so nake in ce miyar ta yi daɗi. Da na fitar, ya ce mata, "Kin gani? Da kin yi asarar yabo."

Da irin wannan jira in'inar ta yi sauƙi har na zama mutum mai shiga taro. Amma ta bar mini wani abu. Na tsani in ji sauti yana sarƙewa. A wurin aikina, in lasifika ta yi ɗan tsaki sai in ji kamar ni ne na maƙale a gaban jama'a.

Rigimarmu a wurin walimar wani ɗaurin aure ta faru, babban taro, manyan mutane, kayana aka ɗauka. Kawu ma an gayyace shi. Malamin da zai yi nasiha ya karɓi makirfo ya matsa kusa da lasifika, sai ta saki wani kuka mai tsawo, yana hawa yana lanƙwasa. Na ruga zan kashe. Sai muryar Kawu daga cikin jama'a, da ƙarfi: "Bar shi, bai gama ba!"

Wuri ya ɗauki dariya. Wani a bayana ya ce, "Ai abin na gida ne." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da aka watse na same shi a zaure. In na yi fushi in'ina takan gudu, ranar kuwa ta gudu da nisa. Na ce masa ya girma da wasa da shara. Na ce mutane dariya suke yi mana a gari, ana nuna ni ana cewa ga ɗan gidan masu ƙara. Na ce abin da muke yi ba kiɗa ba ne, ba karatu ba ne, ba sana'a ba ce, lalatattun kaya ne da ya kasa gyarawa ya fake da su.

Ya saurare ni har na gama, kamar yadda ya saba. Sannan ya ce, "Ka lura? Ko sau ɗaya ba ka sarƙe ba. Fushi ya fi ni iya magani."

Na daina zuwa hira. Ina zuwa gaisuwa ranar Juma'a, in durƙusa, in tashi. Taubashiyata ta tare ni wata rana ta ce, "Janareta, kullum sai an bar maka gurbinka fa. Kuma in gaya maka gaskiya, shirunka ya fi ka iyawa." Na ce ta kai wasanta gaba.

Da ciwo ya kwantar da Kawu, ƙafafunsa suka kumbura, aka mai da shi ɗakin ciki. Mai Tari tana gefen matashinsa. Na je dubiya na tarar da wasu dattawa sun zo, shi kuma yana kwance yana taɓa ta, tana tari tana fito. Na ga yadda suka dubi juna. Da ya yi barci na ɗauke ta, na ce wa Inna ƙura zan goge mata. Na gaya wa kaina marar lafiya ya fi buƙatar ya ji tafsiri da labarai. Ƙarya nake yi wa kaina. So nake in nuna masa abin da ya rayu yana saurare ciwo ne kawai, ciwon da ɗan da ya koya wa aiki zai warkar kafin shayi ya huce.

Haka kuwa aka yi. Bolum ɗin, wato abin murɗa ƙarar murya, ya cinye, na sa sabo. Wata waya tana reto, na like ta da dalma. Wata 'yar na'ura a ciki da ake kira kafasita ta kumbura, na canza. Na samo murfi na rufe bayanta na ɗaure tam. Tsofaffin kayan na watsa a kwandon shara, 'yan gwangwan suka kwashe.

Da na mayar masa ya murɗa, murya ta fito garau. Ya juya ta yana neman bayanta, ya tarar a rufe. Ya riga ya lashi yatsansa saboda sabo, ya rasa inda zai ɗora shi, sai ya goge a bargo. Ya ce, "Aiki ya yi kyau. Hannunka ya fi nawa tsabta." Sannan ya ce, "Yanzu sai abin da aka ce mata za ta ce." Ya miƙa wa Inna ya ce ta ɗora ta bisa kwaba. Inna ta ɗora ta fita, ba ta dube ni ba.

Da ya ji jikin ya yi nisa ya kira mu ɗaya bayan ɗaya. Ya kama hannuna ya ce, "Ka yafe ni. Na kunyata ka gaban mutane." Na ce, "Na yafe, Kawu." Na buɗe baki in faɗi tawa, sai harshe ya maƙale, irin maƙalewar da na manta da ita. Ya zuba mini ido yana jira, numfashinsa yana fita da ƙyar, amma yana jira. Sai aka yi sallama, masu dubiya sun zo. Na tashi na ba su wuri, na fice. Ba zan ɗora wa in'ina ba. Da na so da na dawo da yamma, ko washegari. Ban dawo ba, na ce sai ya ji sauƙi. Bai ji ba.

Bayan an share makoki Inna ta ci gaba da takaba. In na gaishe ta takan amsa, lafiya lau, madalla, shi ke nan. Turmin yana kwance a gindin katanga, kaji suna hawa. Taubashiyata ta daina ce mini Janareta, ta koma ce mini Malam. Ban taɓa jin zagi mai zafin wannan ba.

Na ce to, hannun da ya gyara shi zai ɓata. Na ɗauko Mai Tari na kai shagona. Na je wurin 'yan gwangwan na yi ta tonon tsibin ƙarafa ina neman bolum ɗin da bai kai kan yatsa biyu ba, suna kallo na suna tambaya ko zinariya na yar. Ban samu ba. Na ciro tsofaffin bolum daga matattun rediyoyi na gwada. Na zuba wa sabon yashi na yi ta murɗawa. Na sassauta wayar da na like. Tana yin ƙara, ba shakka, amma ƙara ce kawai, irin wadda tela ya kai ƙara a kanta. Fiton nan mai bin hannu bai dawo ba.

Na ɗauke ta na tafi maƙera wurin Baba. Rabona da shi tun ranar da ya tashi daga tabarma. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana zuga wuta. Na kunna masa. Ya saurara kaɗan ya ce, "Kashe."

Na ce, "Baba, na yi iyakar yi na."

"Ba za ta dawo ba. Gumin hannun kawunka ne ya cinye ta a hankali, shekara da shekaru. Kai kana so ka yi da yashi cikin wata guda." Ya juya ƙarfe a wuta. "Ka san matsalarka? Har yanzu gyara kake. Da ka gyara rediyo, yanzu kana gyara gyaranka."

"To mi zan yi?"

"Halan ni zan gaya maka? Ranar Alhamis mi ake yi?"

Na jira Inna ta fita takaba. Alhamis ɗin da ta biyo baya na je da hantsi na share zauren, na janye teburin aiki gefe, na shimfiɗa tabarma. Na aika wa Baba. Taubashiyata kuwa da ƙafata na je. Ta ce, "Malam, da wace fuska?" Na ce, "Da wannan, ba ni da wata. In ba ku zo ba ni kaɗai zan zauna in yi, wannan Alhamis da ta gaba da ta gaba, har tela ya sake kai ƙara." Ta daɗe tana kallo na. Ta ce tana da muryar Mai Tari a wayarta, ko ta kawo mu sa a wurin Kawu? Na ce a'a. Shi ya ce wanda bai zo ba a bar masa gurbinsa.

Bayan la'asar suka zo. Na ajiye Mai Tari a tsakiyar tabarma inda yake zama, bayanta a buɗe, ban kunna ta ba. Mun daɗe ba wanda ya motsa. Sai Baba ya lanƙwasa zarto ya ja baka. Taubashiyata ta kama ta mayar masa da nauyi. Na ɗaga makirfo, na kusantar, lasifika ta fara kuka, na janye. Muka yi ta lalube kamar masu tafiya a ɗakin da aka sauya wa kaya wuri. Can muka iso inda dukanmu muka san Mai Tari za ta yi tari. Muka tsaya.

A irin wannan wurin taɓarya take amsawa. Muka jira. Ina jin keken tela ya tsaya a waje, shi ma yana jira. Ba dum, ba komai.

Baba ya ajiye baka. Ya dube ni, ya nuna ƙofar ciki da haɓa.

Na yi sallama na shiga. Inna tana zaune a kujera 'yar tsugune kusa da turmin da ke kwance, hannunta a kan gwiwa. Na durƙusa nesa kaɗan.

Ta ce, "Na ji kukan lasifikarka. Kana saurin janyewa. Har yanzu tsoronta kake ji."

Sai ta ci gaba.

"Ka san kawunka bai iya hira da baki ba. In ya shigo, sannu da gida, sannu da zuwa, an gama. Tun ina amarya haka yake. Na yi kuka na gaji. Sai da abar can ta zo gidan nan na san mutumin yana da magana a cikinshi. Ya faɗa da ita, in ba shi amsa da taɓarya. Ku kuna zaton da ku yake." Ta kori wata kaza da ƙafa. "Da ya kwanta, murya ta yi rauni, in ina tsakar gida da ita yake kira na. Tari biyu, ruwa yake so. Fito mai tsawo, ba abin da yake so, so yake ya ji ina nan. Sai in ƙwanƙwasa turmi. Ka ce ƙura za ka goge."

Ban san da wannan ba. Amma rashin sanin ba ya wanke ni, don ban tambaya ba.

Ta tashi ta kama turmin ta tsayar da shi, ta karkaɗe bakinsa da gefen zane. Ta ɗauko taɓarya daga jikin katanga ta riƙe, ba ta daka ba. Ta tsaya tana kallo na.

"Ina jin ka," in ji ta.

Na buɗe baki. Harshe ya kafe a kan harafin farko, na ja, na ja, idona ya kawo ruwa, ba abin da ke fita sai n, n, n. Taubashiyata ta biyo ni tana tsaye a bakin ƙofa. Ta kasa daurewa ta ce, "Inna, Janareta so yake ya ce..."

Inna ta ɗaga mata hannu. "Bar shi, bai gama ba."

Suka jira ni. Na daɗe. Ga abin da na faɗa, da sarƙewarsa da komai, a durƙushe a gaban turmi:

"Inna, na yi laifi. Ba ƙura na goge ba, ƙarya na yi miki. Na san abin da nake yi, so na yi in ci shi da gardama yana kwance. Mutumin da ya jira ni tun ina yaro, ni ban jira shi ba, na rufe mashi baki bai gama ba, na rufe naki tare da nashi. Ya ba ni dama in roƙe shi, na gudu. Shi ya tafi, sai dai in yi ta yi mashi addu'a. Rediyon na kasa maido ta kuma ba zan iya ba. Zauren nan kuwa zan share shi duk Alhamis muddin ina numfashi, ko kin daka ko ba ki daka ba. Don Allah, Inna, ki yafe mini."